Gadon Amarya: Wasiƙa daga Lil zuwa Damagaram

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Ya hunturu? Mu nan arewacin Faransa sanyi ya kankama, ƙarfe 5 na yamma duhu ya rufa, sai dai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso cewa an sa ranar ɗiyarmu nan da wata shida. Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana lokacin. Ka tambaye ni ko zan sayo gado da armuwar da kujeru a nan in sako su a kwantena, tunda kowa na cewa kayan Turai sun fi ƙarko. Na so in amsa maka ta waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Shawarata ita ce a ba kafintan gida aikin. Kafin ka ce gudun ɗawainiya nake, bari in faɗa maka abin da nake yi da ranakun Asabar ɗina shekara uku ke nan, wanda ban taɓa ba ka labarinsa sosai ba.

Lokacin da na samu ɗakin kaina a Lil, na je wani babban kanti na sayi armuwar ta tufafi. A kwali aka ba ni ita, shimfiɗe kamar tabarma, da takardar zane da ƴan ƙusoshi a leda, na haɗa ta da kaina cikin yini guda. Ga kyau, ga sauƙin kuɗi. Sai daga baya na gane jikinta dusar katako ce aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da wata fata siririya mai kamar katako. In an kafa ta wuri ɗaya ba a taɓa ta ba, tana iya yin shekaru, wannan gaskiya ne. Amma da na tashi daga wancan gida na warware ta, ramukan ƙusoshin suka zube kamar gari, suka ƙi riƙe komai. Ƙafarta ɗaya da ruwan goge ɗaki ya taɓa ta kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Irin waɗannan ne mafi yawan kayan ɗakin da mai ƙaramin ƙarfi ke saye a nan, kuma su ne aljihuna zai iya aiko maka. Yanzu ka ƙiyasta tafiyarsu: jirgin ruwa daga Anbers ko Le Habur, ga hanyar Kwatano ta dagule tun 2023, sai a bi ta Lome a ratso Burkina zuwa Yamai, sannan wajen kilomita 900 kafin Damagaram, ga kuɗin duwan. Bayan duk wannan a kai su ɗakin da za a riƙa wankewa da ruwa, a kuma kwashe su duk ranar da aka sauya gida.

Kayan katako na gaske akwai su a nan, masu kyan da za ka tsaya kana kallo. Kuɗinsu ne ba na irinmu ba. Na taɓa kiran wani kafinta ya auna mini bangon falo don ya yi mini ma'ajiyar littattafai da kwanuka. Ya ce Yuro 900, kuma sai na jira wata biyu. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ka ga jikka 590 ke nan. Da farko na ɗauka tsuga mini ya yi, daga baya na fahimci haraji da inshora da hayar shago da kuɗin fansho duk suna cikin awa ɗaya ta aikinsa. A ƙasar nan kaya na da araha, hannun mutum ne ke da tsada. Shi ya sa za ka ga likita ko malamin lakkal ranar Asabar da fensir a kunne yana auna katako. Birikolaj suke ce wa abin, wato ƴan gyare-gyare da ƙere-ƙeren da mutum ke yi wa gidansa da hannunsa. Haka ni ma na faɗa ciki. Waccan ma'ajiya ni na yi ta, katakon ya ci mini Yuro 160, wajen jikka 105, ta kuma cinye mini Asabar biyar.

Kantunan kayan aikin kam dole a yaba musu. Wanda na fi zuwa shi ne Leroy Merlin, wanda asalinsa ma daga wannan yanki na arewa ne, hedikwatarsa na nan gefen Lil. Kowane katako da takardarsa: irin itacen, tsawo, faɗi, kauri har zuwa milimita, da kuɗinsa, ba ciniki. Falle ɗaya na filawud santimita 250 ne da 122. In ba ka da zarto babba sai ka rubuto awonka a takarda, su ɗora a inji su yanka maka daidai, ka ɗauki gunduwa-gunduwa ka tafi. Injin da sau ɗaya za ka yi aiki da shi ba sai ka saya ba, akwai wuraren haya na yini. Doka kuma ta ba sabon kaya garanti na shekara 2, in injin huda ya mutu da kansa ka koma da rasit. Amma dai nakan yi kewar masu katako na gida, inda za a ba ka benci ka zauna, a tambayi lafiyar Inna, a ɗaga maka ƙafa in kuɗinka bai cika ba. Nan kati kawai ake sani.

A cikin gidan bene ba ka da ikon buga guduma lokacin da ka ga dama. A inda nake, ranar Lahadi daga ƙarfe 10 zuwa 12 na rana kaɗai aka yarda a tayar da inji. Don haka na shiga wata ƙungiya ta unguwa mai ɗakin aiki na tarayya, ana biyan kuɗin shekara, kowa ya zo ya yi aiki da injunan. Ba a barin ka kusanci babban zarto sai ka sa tabarau da abin toshe kunne, ga wani bututu yana zuƙe ƙura. Duk lokacin da na sa su sai na tuna yaran shago na gida da ke shaƙar dusa yini guda fuska buɗe, abin yana damuna ƙwarai.

A can na haɗu da wani dattijo da ya yi ritaya daga kafintanci, shi ne malamina. Wata guda cur bai bar ni na yanka komai ba, wasa kurfi kawai nake a dutse, sai ya aske gashin hannu sannan ya ce ya yi. Darasin da ya fi kama ni kuwa tebur ɗina na farko ne ya koya mini shi. Na samu katako mai araha wajen wani mutum, na yi tebur ɗin cin abinci, na ɗaure samansa da ƙafafun da ƙusa tamau. Da sanyi ya shigo aka kunna na'urar ɗumama ɗaki, wata rana da dare na ji ƙas! Saman ya tsage gida biyu. Na yi baƙin ciki sosai, don na sa raina a kansa. Dattijon ya ɗauko wata ƴar na'ura mai allura biyu ya caka a ragowar katakon, ya nuna mini ruwan da ke ciki. Ya ce katakon cikin ɗaki a nan ana busar da shi har danshinsa ya sauka tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100, nawa kuwa ɗanye ne. Itace ko an sare shi bai daina motsi ba: yana shan danshi ya kumbura, yana bushewa ya tsuke, kuma ta faɗi yake motsawa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Wanda ya ɗaure shi bai bar masa wurin numfashi ba, to zai nemi hanya da kansa.

Yaya, a nan ne tunanina ya koma gida. Sau nawa muka ga ƙofar armuwar ta karkace cikin hunturu, ko gado ya buɗe baki a mahaɗa yana ƙara, muka ce kafinta ya ci amana? Katakon nan daga dazuzzukan kudu yake fitowa, inda ruwa ba ya yankewa, ya biyo ta Kano a kan babbar mota, ya sauka a garin da iskar hunturu ke tsaga leɓe da diddige. Ranar da aka sauke shi ranar ake yanka shi, don mai aiki ya ce biki saura mako biyu. Mun kuma taya aikin har sai da ribar ta ƙare, dole ya koma ga farin katako mafi araha wanda gara da ƙwaro ke so. Ko dattijon nan nawa aka ba wannan katako da wannan wa'adi, gadonsa sai ya yi ƙara.

Ƙwarewa kuwa, tun da na riƙe zarto na san darajar mutanenmu. Ni da injin da ke yanka mini daidai da milimita, sai in yi yini ina fama da kusurwa ɗaya. Ka tuna kafintan bakin hanyarmu ta Zengo da muke tsayawa kallo muna yara? Zarto ɗaya, guduma ɗaya, tsofaffin ƙusoshi yana miƙar da su a kan dutse, in an ɗauke wuta bai fasa aiki ba, ido da yatsa su ne ma'auninsa, kuma kujerarsa ta zauna daram. Na nuna wa dattijon hoton turmi da akushi irin waɗanda masassaƙa ke kawowa Kasuwar Dole ranar Alhamis, na ce masa da gizago kaɗai ake rarake su daga gungume ɗaya, turmin kirya kuma har jika yana gada. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ba ni labarin majami'ar Notre-Dame ta Paris da ta ƙone a watan Afrilu 2019 aka sake buɗe ta a Disamba 2024: da za a mayar da rufinta, sai da aka nemo masu sassaƙa da gatari suka fere ginshiƙan da hannu kamar yadda aka yi tun farko, ƙasa gaba ɗaya tana alfahari da su. Su nan sun kusa rasa irin wannan hannu, yanzu lallashinsa suke. Mu muna da shi a kowace unguwa, muna tayawa kamar gyaɗa.

Abin mamaki, kayan aikin da na fi ji da su ba sababbi ba ne. Kowace shekara a farkon Satumba ana cin wata babbar kasuwar gwanjo a Lil, titunan gari duka su cika da ƴan tebur, kamar an haɗa Alhamis ɗari wuri guda. Can na tsinci kurfi da abin fere katako na tsofaffin kafintoci, ƙarfe mai kyau, da kuɗi kaɗan. Wasa kawai suke buƙata.

To ga abin da nake roƙonka. Kada a jira biki ya matso. Cikin makon nan ka ɗauki kafintan da ka yarda da shi ku je ku zaɓi jan katako, madaci ko loko in an samu, don gara ba ta cika damunsu ba. A jera shi a inuwa, a zaure ko ƙarƙashin rumfa, kada rana ta buge shi kai tsaye. A ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, a sa ƴan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falle don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama don kada ya lanƙwashe. Bakin kowane katako a shafa masa fenti, don ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. A Turai mai kaurin santimita 2 da rabi yakan yi shekara kafin ya bushe a iska, amma hunturun Damagaram ya fi wannan sauri nesa ba kusa ba, ina sa ran wata uku zuwa huɗu zai wadatar. Wanda zai tsage ya tsage tun yana jere, a fitar da shi.

Sannan in an zo maganar kuɗin aiki, don Allah kada a matse shi. Abin da da za mu zuba wa jirgin ruwa da duwan, ko kashi ɗaya cikin uku aka ba shi zai yi aiki da natsuwa, ya fafe mahaɗa ya sa gam maimakon ya cika gadon da ƙusa. Ka ce masa ya bar wa faffaɗan katako ɗan wurin motsi, ƙafafun kuma kada su zauna kan siminti kai tsaye saboda ruwan wanki. Kuɗin katakon ni zan ɗauka, ƙarshen wata zan aiko.

Akwai wani ɗan garinmu da zai taho gida watan gobe. Zan ba shi ƴar na'urar auna danshin, da kurfi biyu da na wasa da hannuna, da dutsen wasa, da abin matse katako guda huɗu. Kyauta ce ga kafintan, ba aro ba, in aiki ya ƙare su zama nasa. Ka auno mini ɗakin amaryar, tsawo da faɗi da faɗin ƙofa, in zana gadon a takarda in aiko ya duba, in ya ga gyara ya gyara, don ya fi ni sani.

Ka gaishe mini da Inna da kyau. Ƴar kujerarta ta tsugunne, wadda take zama kai wajen tuƙa tuwo tun muna yara, in tana nan ka kifa ta ka ɗauko mini hoton ƙasanta. Ina so in ga yadda masassaƙin ya fitar da ƙafafun, in gwada yin irinta a nan.

Wassalam, ƙanenka.