Sharhi kan na'urar sauraron Littafi Mai Tsarki da Hausa a nazarin Zumuntar Mata

Na'urar ƙarama ce da ke shiga tafin hannu, ana yi mata caji da hasken rana, kuma an ɗora mata karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa tun daga Farawa har Wahayin Yahaya. Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta saye ta a wani kantin littattafan Kirista da ke Jos, saboda da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su yi karatun boko ba, alhali kuwa su ne kan gaba wajen zuwa sujada da ba da baiko.

Mun yi amfani da ita wajen nazarin matan da suka miƙa wa Allah abin da ya fi musu daraja, kuma a nan ne ingancinta ya bayyana. Mai karatun ba ya gaggawa, muryarsa tana fita sarai, har ayoyin da ido kan tsallake sukan zauna a kunne. A labarin Hannatu, kowa ya san ta roƙi ɗa a Shilo, ta kuma kai ɗan nata Sama'ila wurin Eli firist bayan ta yaye shi. Amma da aka iso 1 Sama'ila 2:19, inda aka ce kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa, sai tattaunawa ta ɗauki wata hanya dabam, domin duk macen da ta yi goyo ta san nauyin ɗinka wa yaro riga ba tare da ta ga girman da ya yi ba. A ganina wannan aya ce zuciyar labarin, gama hadayar Hannatu sabuwa take zama a kowace shekara.

Haka ma Yahaya 12, inda Maryamu ta Betanya ta zuba man ƙanshi mai tsada na nardi a ƙafafun Yesu. Yahuza Iskariyoti ne ya kimanta shi dinari 300, wato kusan ladan lebura na shekara guda, tun da Matiyu 20:2 ya nuna dinari ɗaya ne ladan yini. Muka haɗa shi da gwauruwar nan mai anini biyu a Markus 12, wadda ba ta rage wa kanta komai ba.

Babban aibin na'urar shi ne maɓallanta sura sura suke tsallakawa, ba su kai mutum ga aya kai tsaye. Mai neman annabiyar nan ta Luka 2:36-38, wadda ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana, dole ya saurari ayoyi 35 kafin ya isa wurin. Sautinta kuma ya dace da ɗaki ko ƙaramin taro ne kawai, sannan da damina cajin ba ya cika idan hadari ya rufe rana. Duk da haka ina ba shugabannin zumunta shawara su saye ta, amma su tanadi mace ɗaya mai riƙe da bugaggen littafi domin maimaita ayar da ake son a tsaya a kanta.