Sharhi: mai gyaran da ya tayar mini da rauta a Farm Centre

Rautar shagona, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai, mai cin layin 4G ce, a kanta aikin buga takardu da rajistar ɗalibai yake tafiya. Ciwonta shi ne, in an jona ta fitilar wuta za ta kama, ta waifai ta biyo, amma da ta fara neman sabis sai duka su mutu, ta koma farko. Haka take wuni. Danne maɓallin riset da tsinke bai sauya komai ba, sai goge mini saiti da ya yi.

Waɗanda na fara nuna wa a kasuwar waya ta Farm Centre, Kano, cewa suka yi sai an yi mata filashin, wato a sake rubuta manhajar da ke cikinta. Shi wanda nake wannan sharhi a kansa ko buɗe ta bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ina adaftar da take aiki da ita?" Ya ɗora mata mitar auna wuta. Adaftar ita kaɗai tana ba da 12V lafiya lau, amma da aka jona rautar sai lambar ta riƙa faɗuwa daidai lokacin da fitilun suke mutuwa. Bayaninsa ya gamsar da ni: ɓangaren 4G ya fi jan wuta sa'ad da yake neman turken sabis, to in adafta ta gaji ba ta iya ɗaukar wannan nauyi, ƙwaƙwalwar rautar sai ta sake tashi. Ya fasa adaftar ya nuna mini kafasita, wani ɗan abu mai daidaita wuta a cikinta, ta kumbura, aikin zafi da wutar janareta.

Ya ba ni mai 12V 2A a madadin tawa mai 1A, wato mai iya ɗaukar ninkin nauyin tawa. Na ji tsoron kada ta ƙone, ya ce rauta abin da take bukata kawai take ja, 12V ɗin ne ba a sauyawa. Ya duba alamar da ke nuna tsakiyar filogi ce mai +, ya kuma gwada bakin, domin akwai mai ramin 2.1mm da mai 2.5mm, a ido kamar ɗaya suke, amma babban yana rawa. Da an yi filashin ɗin nan da tsohuwar adafta, wuta ta yanke ana tsaka da rubuta manhajar, da sai rautar ta mutu gaba ɗaya.

Inda bai burge ni ba: babu rasit, garanti kuwa na baki ne kawai, "in ta ba da matsala ka dawo". Ya kuma matsa mini in sayi ƙaramin UPS na rauta (batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta), abu ne mai amfani, amma ba shi ya kawo ni ba. Sabuwar adaftar tana ɗan ɗumi da rana, sai na ɗage ta daga bayan firinta. Rautar dai tun daga ranar tana tashi a jonawa ɗaya. Mai zuwa wurinsa ya tafi da adaftarsa, don ita zai fara tambaya.