Sony A7 III ko Canon 5D Mark IV don bidiyon waƙa?

Wa'alaikumus salam, ƙanina. Cikin biyun nan da kake ta juyawa, Sony A7 III da Canon 5D Mark IV, ɗauki Sony kawai. Da hoton biki ne sana'arka da mun zauna mun ja magana, amma tunda bidiyon waƙa ka sa a gaba, zancen gajere ne.

Sony ɗin ce a hannuna, kuma a kan Dutsen Dala ta shiga raina. Mun hau da wani yaro mawaƙi bayan la'asar, muna son gari ya fito a bayansa rana na faɗuwa. Ka san halin mutanenmu a lokeshan: a jira mai kwalliya, a jira wanda ya tafi neman cajin sifika, kafin a kunna waƙa rana ta yi ja. Saura baiti ɗaya haske ya janye, ga kiran magariba ya kusa, fitila kuwa babu, don ba mai hawa da janareta kan dutsen nan. Na buɗe lensin 50mm har f/1.8, na tura ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) zuwa 6400, na ce ya juyo da fuskarsa wajen ɗan jan da ya rage a yamma. Washegari da muka zuba a kwamfuta a wani sitidiyo a Zoo Road, fuska ta fito tas, fitilun unguwannin ƙasa sun zama ƙwallaye masu laushi a bayansa, sai ɗan yashi-yashi a cikin inuwa wanda ba ya damun ido. Wannan yankin ne yaron ya yanka ya fara tallata waƙar da shi.

Canon ɗin ma na riƙe ta kafin na sayar. Launin fata tana fitar da shi da kyau tun daga cikin kyamara, fokas ɗinta yana bin fuska a natse, jikinta yana jure wahala. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Ga inda suka rabu. Canon ta fito a 2016 a kan kusan dala 3,500, Sony a 2018 a kan dala 2,000, amma a wajen bidiyo mai arahar ce a gaba. In ka kunna 4K a Canon, tsakiyar sensa (farantin da ke kama hoto a cikin kyamara) kawai take ɗauka, hoton ya matso kusan ninki 1.7. Lensinka na 24mm sai ya koma kamar 40mm. A fili ba komai, amma ka shiga lungu a cikin gari ko ɗakin sitidiyo ƙarami, za ka yi ta ja da baya har bango ya tare ka, 'yan rawa biyu na gefe ba su shigo ba. Sony a firam 25 (hotuna 25 a sakan) faɗin sensa gaba ɗaya take amfani da shi.

Sai nauyin fayil, wanda sabon shiga ba ya lissafawa. 4K ɗin Canon yana cin kusan giga 4 a minti ɗaya, memori mai giga 64 bai kai minti 20 ba ya cika. Na Sony, wannan memorin zai kai ka sama da awa ɗaya. Waƙa kuwa ba a ɗaukarta sau ɗaya: daga farko har ƙarshe a nesa, a sake a kusa, a sake daga gefe, a sauya kaya, a sauya waje, a sake. Da Canon rabin ranarka a kwashe memori za ta tafi, sannan ka sayi rumbun ajiya a kai a kai.

Sulo-moshan ma haka. Sony tana ba ka firam 100 a sakan a 1080, Canon tana tsayawa a 50, in kana son 100 sai ka sauka 720, wanda ko a waya ana gane laushinsa. Sony tana da mai rage girgiza a cikin jikinta, Canon babu. Kada dai ka ɗauka ya maye gurbin gimbal, na'urar riƙe kyamara mai hana girgiza. Yana taimako in kana tsaye, in kana bin mawaƙi da tafiya sai ka ga hoto yana tsalle.

Ka lura na ce 25, 50, 100. Wutar Najeriya 50Hz ce, don haka ranar da ka karɓi kyamara ka shiga saiti ka mayar da ita PAL, tsarin da ya dace da wutarmu, shota 1/50. Da yawa daga cikin na hannu daga Amurka ake kawo su a kan NTSC, tsarin wutar can, mutum ya ɗauki aiki a ƙarƙashin fitilun zauren biki ya dawo ya tarar hoto yana ƙyafta ido, layuka na gangarowa. Gyaran wannan a editin azaba ne.

Wata dabara da za ta yi maka amfani: in kana son mawaƙi ya fito a sulo amma bakinsa ya dace da waƙar, ninka saurin waƙar sau biyu, ka kunna masa ya bi ta haka, ka ɗauka a firam 50. In ka sauke a 25 baki zai zauna daidai, babbar riga da mayafi suna kaɗawa a hankali. Zai yi dariya a gwajin farko, ka bar shi ya saba. Baitin da kalmomi suka yi yawa kada ma ka gwada. Kuma ka sa ƙara uku, tin-tin-tin, a farkon waƙar da za ka kunna a sifika, da su za ka jera duk ɗaukar a kan layi ɗaya ba tare da ciwon kai ba.

Sony ma tana da nata. Saitinta kamar Kasuwar Kurmi yake ga baƙo, sai ka yi ta zagaye kafin ka gane hanya. Allonta ba ya juyowa gaba. In ka fizgi kyamara gefe da sauri a 4K, gine-gine sai su karkace. Kalarta mai bit 8 ce, saboda haka kada wani ya ruɗe ka da saitin kala na S-Log3: in ka matsa mata a gyaran kala sararin sama yana tsagewa layi-layi, baƙar fata ta yi toka-toka. Ni HLG ko Cine4 nake sawa in huta. Rana irin tamu kuma dole filtar ND, gilashin rage haske a bakin lensi, in ba haka ba ko ka ƙone hoton ko ka rufe lensi, abin da ke bayan mawaƙi ya daina laushi. Lokacin hunturu kada ka sauya lensi a fili, babu madubi a gaban sensarta, ƙura kai tsaye take sauka. Watan Afrilu kuwa ka nemi mai riƙe mata lema.

A editin, ɗauko DaVinci Resolve, akwai na kyauta kuma ya ishe ka. Premiere Pro kuɗin haya ake biya. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, yi wa fayilolin ƙananan kwafi ka yanka da su. Saurari waƙar kana danna M don sa alama a kan kowane bugu, sannan ka yanka, amma ba a kan kowane bugu ba. Wani wajen ka bar fuska ta daɗe har baitin ya sauka. Abin da ke ba ni haushi a bidiyon yaranmu shi ne walƙiya da juye-juye duk bayan sakan biyu, da wanke fata har mutum ya koma ba shi ba. Kada kuma ka goge asalin ɗauka sai aikin ya wuce Hukumar Tace Fina-finai ta jihar Kano, don in an ce a cire wani waje, da shi za ka cike gurbin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da na hannu. Za a nuna maka ƙidayar shota kaɗan a ce sabuwa ce fil, alhali bidiyo ba ya ƙara ƙidayar nan. Kyamarar da ta yi shekaru tana aikin fim za ta iya nuna adadi ƙarami. Duba bakin HDMI da na USB ko sun yi sako-sako, duba zaren ƙasa inda ake ɗaura ta ko ya cinye. Rufe lensi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk tabon sensa zai fito. Haska tocila cikin lensi ka ga ko akwai fumfuna. Batirin NP-FZ100 da memori na jabu sun cika gari, kwalinsu har ya fi na gaske sheƙi. Je da memorinka, ka sa ta ɗauki 4K na minti 20 a gabanka, ka gwada ramukan memori biyun. Wanda ya ce ka fara turo kuɗi kaya na hanya daga Legas, ka ce masa Allah ya kawo su lafiya.

Canjin da ya rage maka ka sa shi a Tamron 28-75mm f/2.8, filtar ND, batir biyu da fitila ɗaya mai kyau. In kana da tsofaffin lensin Canon kada ka sayar, adaftar Sigma MC-11 tana ɗora su a kan Sony, sai dai a bidiyo ka koyi jan fokas da hannunka.