Injin folish ko hannu: abin da na gani a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Saƙonka ya iso, wanda kake tambaya ko in sayo maka injin folish in haɗa da kayan da zan aiko, ko kuwa ka ci gaba da goge motarka da hannu kamar yadda ka saba. Ban amsa da wuri ba ne don ina so in yi maka bayani a tsanake, domin ni ma sai da na zo ƙasar nan na gane ashe ban san abin da ake kira folish ba.

Da can ina zaton wani mai ne ake shafa wa mota ya ƙara mata sheƙi. Ashe kankara ce. Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne: firama a ƙasa, sai launi, sai wani fenti marar launi a sama wanda masu fenti ke kira kiliya, shi ne yake ƙyalli kuma yake kare launin daga rana. Duka-duka kaurinsu daga masana'anta bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kiliyar kuwa ita kaɗai wajen 40 zuwa 50, wato ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Man folish yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kaushi, su ne suke cin saman kiliyar har ta sauko daidai da zurfin kwarzanen, sai ido ya daina ganinsa. Abin da aka cinye kuma ya tafi, ba ya tsirowa.

Shi ya sa a nan, in ka kai mota wurin masu wannan sana'a, mai aikin kirki ba ya ɗaukar inji da farko. Zai wanke ta, ya bi jikinta da wani irin yumɓu mai laushi da ke tsince kwalta da ƙurar ƙarfe da suka maƙale, sannan ya fito da wata 'yar na'ura kamar wayar hannu ya riƙa ɗora ta a bonet da ƙofofi yana karanta kaurin fentin. In ya ga lamba ta yi ƙasa sosai, ya san an taɓa cin wurin, sai ya sassauta. In ta haura maikiron 300 ko 400, ya san an taɓa yi wa wurin sabon fenti ko ciko, ko da mai motar bai faɗa ba. Masu sayen tsofaffin motoci ma da ita suke kama dillalai. Daga nan sai ya liƙe robobi da kaifin gefuna da tef, ya kunna fitila mai ƙarfi, ya gwada a ɗan wuri kamar faɗin littafi kafin ya taɓa sauran.

Injin iri biyu ne, kuma nan ne nake so ka natsu. Akwai mai juyawa kai tsaye kamar fanka, irin su Makita, wanda yake iya yin zagaye 600 har zuwa wajen 3,000 a minti. Yana da ci, yana da sauri, yana kuma zafafa fenti. Da shi na yi ɓarna a wata tsohuwar baƙar mota da na saya a shekarata ta biyu. Na aro shi ina ganin ai wane aiki ne, na tsaya a kaifin murfin but ɗan lokacin da bai fi ƙiftawar ido biyu ba, ina ɗagawa sai ga toka-tokan firama tana kallona. Fenti a kan kaifi ya fi siranta, ban sani ba. Sai da aka sake fesa murfin gaba ɗaya. Sauran jikin kuma da na fito rana sai ga wasu zane-zane suna walƙiya suna bin ido, sawun injin ke nan.

Ɗayan kuwa yana juyawa yana kuma karkarwa a lokaci guda, don haka sosonsa ba ya nanata wuri ɗaya, zafi ba ya taruwa. Kamfanin Rupes na Italiya ya yi suna a kansa da masu faɗin karkarwa milimita 15 da 21, Flex na nan Jamus ma yana yi. Yawancinsu in ka danna da ƙarfi ko ka karkata, juyin tsayawa yake yi, kamar yana hana ka cutar kanka. Ɗan koyo zai iya riƙe shi.

To hannu fa? Ba na raina shi, amma a san iyakarsa. Hannu ba ya dannawa daidai, yatsu sun fi tafin hannu nauyi, kuma kafin ka gama ƙofa ɗaya kafaɗa ta fara ƙorafi. Masu aikin nan suna cewa kiliyar motocin Jamus, irin su Mercedes da Audi, ta fi tauri, ta yawancin motocin Japan kuma ta fi laushi. A kan mai laushi hannu yana ɗan taɓukawa. A kan mai tauri kuwa sai ka yini kana gumi, kwarzanen na nan inda yake. Abin da ke ruɗin mutane shi ne yawancin man da ake sayarwa don aikin hannu yana da maiƙo da kaki masu cike ramukan. Mota ta yi kyau ranar, bayan wanki uku ko huɗu komai ya dawo. Masu gaskiya a nan suna goge wurin da sifirit bayan sun gama, don maiƙon ya fita a ga ainihin aikin. Amma su kansu da hannu suke bin ƙarƙashin mariƙin ƙofa, inda farce ke karcewa, da kewayen tambari da lungunan da inji ba ya shiga. Shafa kaki na ƙarshe ma hannu ya isa.

Wani abu da ya ba ni mamaki: zanen nan mai kama da saƙar gizo-gizo da ake gani a baƙar mota cikin rana, ba juya tsumma a da'ira ne ke kawo shi ba. Ƙananan karce ne ta kowace fuska, haske ne ke nuna su a zagaye, kuma yawancinsu wajen wanki ake samunsu. A garuruwa da dama na Jamus ba a yarda ka wanke mota a bakin titi ba saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka mutane ke kai ta injin wanki mai burushi, shi kuma ya zane ta. Masu kula suna zuwa inda ake wankewa da kai, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, kuma ba sa share ƙura da busasshen tsumma.

Zan sayo maka mai karkarwa, da soso uku masu bambancin tauri, da man folish na kamfanin Menzerna mai kaushi da mai laushi. Fara da mai laushin. Kafin nan ka ja farcenka a kan kwarzanen ƙofar da ka ce yana damunka. In farcen ya maƙale, ya riga ya wuce inda folish ke kaiwa, wannan sai mai fenti. Ka ɗauko mini hotonsa cikin rana in gani.