Albasar lili da na saya ta intanet: fure ya yi, amma ba kowacce ke ba da iri ba

A watan Oktoban bara na yi odar albasar furen lili (furen ado ne da ake dasa tushensa mai kama da albasa) guda 12 daga wajen wani mai sayar da tsirrai a intanet, aka kawo mini har gida a Samaru, cikin kwali, an lulluɓe su da dusar katako mai ɗan danshi. Nau'i uku ne, kowanne huɗu: 'yar Asiya, da LA (haɗin 'yar Asiya da wata lili mai suna Longiflorum), da Oriental (mai ƙamshi). Mai kayan ya ce daga Holan aka shigo da su, kuma can ɗin ne ma cibiyar wannan sana'a.

Maganar gaskiya, kaya sun iso lafiya. Ɗaya ce kawai ta ruɓe. Sauran na ajiye su a firij, nesa da ayaba, don iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa in sun nuna tana lalata tohon da ke cikin albasar. Farkon Nuwamba na dasa su a tukwanen ƙasa, na haɗa yashi da ruɓaɓɓen takin shanu da ɓuntun shinkafa, na jera su gindin darbejiya inda hantsi kaɗai ke taɓa su. Hunturun Zariya ya karɓe su sosai. Ƙarshen Janairu 'yan Asiya suka buɗe, ruwan goro da rawaya, babu ƙamshi ko kaɗan. LA suka biyo baya, sun fi tsayi da kaurin fure. Oriental kuwa sai Maris, ga zafi ya kawo jiki, tohon ya riƙa zubewa. Biyu suka buɗe, amma bayan magariba ƙamshinsu har zaure.

Ni dai ba don ado kaɗai na saya ba, so nake in haɗa aure tsakaninsu in fitar da iri nawa. Tun furen bai gama buɗewa ba nake cire mazan, wato tsinkayen cikin furen masu ɗauke da garin barbara, da almakashi. Bayan kwana ɗaya ko biyu, in kan macen, wato sandar da ke tsakiyar furen, ya yi danƙo yana sheƙi, sai in ɗebo garin wani furen da auduga a bakin tsinke in shafa, in rufe, in ɗaura zare don shaida. Garin nan yana kama tufafi kamar lalle, a kula.

'Yar Asiya da wata 'yar Asiya mai launi daban: kwanso ya kumbura, ya miƙe tsaye, ya bushe a Afrilu. Na ɗaga 'ya'yan a hasken taga, ga ɗan siririn layi a tsakiyar kowane mai rai. Garin LA kuwa duk inda na shafa shi, kwanson sai ya yi yaushi ya faɗi. Haka tsakanin 'yar Asiya da Oriental, inda na yi amfani da garin 'yar Asiya da na adana a firij.

Dalilin yana cikin halittarsu. Lili ta asali tana da kuromosom 24, wato zarurrukan gado da ke cikin ƙwayar halitta, kashi biyu na sha biyu-sha biyu. Yawancin LA na kasuwa 36 ne, wato kashi uku na sha biyu-sha biyu, kashi ukun kuma ba sa rabuwa biyu daidai, don haka garinsu ba ya haihuwa. Kamar alfadari ne: doki 64, jaki 62, shi 63, ga ƙarfi ga juriya, babu zuriya. Masu fitar da irin nan ma sai a ɗakin gwaji suke ciro ɗan tayin daga kwanso tun yana ɗanye, su raine shi a kwalba.

Nan ne ƙorafina. Na faɗa wa mai kayan cewa iri nake nema, ya ce duk suna yi. Da ya gaya mini gaskiya, da na zuba kuɗina kan 'yan Asiya kala-kala. Bai kuma ambaci cewa lili guba ce ga kyanwa ba, ko garin furen ta lasa yana iya kashe mata ƙoda, ga gidajenmu cike da kyanwoyi.

Mai son ado ya ɗauki LA, ba zai yi nadama ba. Mai son iri ya tsaya kan 'yar Asiya, launi biyu ko fiye, ya dasa da shigowar sanyi. Nawa 'ya'yan sun tsiro cikin mako uku, siri-siri kamar yayyafin albasa, suna nan a inuwa ina ba su ruwa safe da yamma.