Kalangu da tsire a wani lambu a Zariya: inda suka iya da inda suka gaza

Ni ɗan mahauta ne, jikan mahauta, ko da yake alli na riƙe a maimakon wuƙa, aikina duk a aji ya ƙare. Na faɗi haka ne don a san abu biyu ne ba a yi min wayo a kansu, nama da kalangu. To akwai wani lambun shaƙatawa a nan Zariya, ta wajen hanyar Samaru, da yake haɗa su biyun duk Asabar ɗin ƙarshen wata, daga La'asar sakaliya zuwa wajen ƙarfe 10 na dare. Ba zan kama sunan wurin ba, don maganata akwai yabo akwai suka, kuma gyara nake so su yi.

Kuɗin shiga naira 2,000 ne ga babba, 500 ga yaro, abinci kuma daban. Fili ne mai faɗi, da itatuwan mangwaro da dogon yaro, an yi dandamalin siminti a gefen gabas. Kujerun roba a baya, tabarmi a gaba, an keɓe ɓangare guda don mai zuwa da iyali, kuma ana kiyaye wannan keɓewar da gaske, shi ya sa maiɗakina take yarda ta biyo ni. Ana tsayar da komai don Magariba da Isha'i, akwai butoci da ruwa isasshe. Wannan duk lafiya lau.

Abin da ke kai ni shi ne wani dattijo mai kalangu da suke ɗaukowa daga wajen Soba, shi da yaransa: mai kalangu na biyu, mai kuntukuru, 'yan amshi uku da sanƙira ɗaya. Wanda bai taɓa zama kusa da makaɗin kalangu ba ba zai gane inda aikin yake ba. Mutane hannun dama suke kallo, mai riƙe da makaɗi, alhali gwanintar tana hammatar hagu. Can ne ake matse tsirkiyoyin da suka haɗa fatar baki da ta gindi, a matse murya ta hau, a sassauta ta sauka, har kiɗan ya bi hawa da saukar maganar Bahaushe. Yaran yanzu da yawa duka kawai suka iya, hammatarsu a sandare. Wannan tsohon kuwa yatsun hagunsa ma ba sa hutawa, yana taɓa fata yana danne amo a tsakiyar bugu, sai ka ji kalangun ya yi tambaya ya kuma ba kansa amsa.

Wani dare ya hango ni a kan tabarma, ban san wanda ya tsegunta masa gidanmu ba, sai ya juya kiɗa ya ɗauko taken mahauta, irin wanda ake yi wa iyayenmu a bakin kasuwa in an yi yanka mai kyau. A da ai haka abin yake, kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da jauje na fada. Mahaifina yakan ce in ka ji kalangu ya tashi da hantsi a kasuwa, ba sai an gaya maka an kayar da sa mai ƙiba ba. Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Da aka tashi na je na durƙusa na ce, “Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka tuna min da tsohona.” Ya ce, “Malam, ai ku ne iyayen gidanmu, mu bayinku ne tun kaka da kakanni.” Ya ƙi sakin hannuna sai da ya tambayi unguwarmu da wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Fawa a zamanin kakana.

Akwai abin da masu lambun suke tilasta masa wanda ban so ba. Tun da Mamman Shata ya rasu a 1999, duk wanda ya rataya kalangu a ƙasar Hausa sai an ce ya maimaita waƙoƙinsa, kuma a nan ma haka mai gabatarwa yake yi, yana ta kiran sunayen waƙoƙi daga cikin taro. Tsohon yana yi, don ba ya son ɓata wa masu gida, amma kana jin muryarsa ka san ba nasa ba ne. In aka ƙyale shi ya shiga nasa, a nan ake jin daɗi. Yana da wata waƙa a kan tsadar taki da yadda manomin masara yake sayar da buhu da kaka don ya biya bashin da ya ci da bazara, yana da wata ta zambo a kan magidancin da ke cin tsire a waje ya dawo gida yana goge baki. Wannan ta biyun, mata ne suka fi kowa shewa, maiɗakina har da zungurina, ni da nake kawo mata nata a takarda.

Yanzu ga babbar matsalar wurin, lasifika. Sun girke manya guda biyu a gaban dandamali, yaron da ke kula da na'urar kuma ya saba da bikin DJ, komai sai ya ƙure. Kalangu ba ya bukatar haka. Ganga ce da aka yi ta don a ji ta daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan ba tare da wuta ba. In aka kafa mata makirufo a baki aka ƙure murya, duk wannan lanƙwasar da na ambata sai ta ɓace, abin da ke isa kunne kamar ana dukan garwar kananzir. Muryar mawaƙi da ta 'yan amshi ce kaɗai ke son taimako, ita ma kaɗan. Mai goge da ke biyo baya ya fi shan wahala, domin tsirkiyar izgar doki ce guda ɗaya a kan ƙwarya da fatar guza, muryarta siririya, in na'ura ta yi ƙara sai ta koma tsuwa mai sa haƙori tsami. Na yi wa manajan magana cikin ladabi, ya ce samari ne ke son ƙarar. Wataƙila. Amma samarin da nake gani suna can baya suna danna waya, masu sauraro kuwa suna gaba suna toshe kunne.

Dabarar da na samu ita ce ka je da wuri ka shimfiɗa a gefen dandamali ta hannun hagu, daidai bayan lasifikar, inda makaɗan ke ajiye takalmansu. Daga nan kiɗan kansa kake ji, na na'urar kuma ya wuce ta gabanka ya tafi.

Mai gabatarwa ma yana da nasa. Sanƙira aikinsa ne ya yi roƙo, gadonsa ne, kuma na tsohon nan ya iya, yana kawo kirari a gurbin da mawaƙi ya ja numfashi, ba ya taka masa baiti. Amma mai gabatarwa mai riƙe da makirufo mara waya yakan yanke waƙa a tsakiya don wani mai babbar riga ya shigo, a yi ta jero masa muƙamai. Sau da yawa kafin a gama, zaren waƙar ya tsinke. Abu ɗaya da zan yaba musu a nan shi ne sun hana liƙi a goshi da watsa kuɗi a ƙasa. Faifai ake ajiyewa a gaban makaɗa, mai kyauta ya je ya sa. Manajan ya ce tsoron doka ne, kuma da gaskiyarsa, don sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun, ga mai wulaƙanta naira. Ko ma mene ne dalili, ya rage turereniya a gaban dandamali, ana ganin makaɗa.

Bayan Isha'i ake wasan kwaikwayo, na kamar minti arba'in. Matasa ne, maza da mata, wasunsu sun ce a Samaru suka yi karatun abin, kuma da gani ka san haka ne. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello yana da dandalin nan da aka gina da jar ƙasa a shekarun 1970, mai siffar gidan Bahaushe da ɗakuna kewaye da tsakar gida, kuma tun wancan lokacin ɗalibansa suke fita ƙauyuka irin su Bomo da Soba suna shirya wasa da mutanen gari a kan matsalolinsu. Salon da suka zo da shi ke nan. Wanda ya fi tsaya min a rai na rabon gado ne: uba ya rasu ya bar gona ɗaya, babban wa yana son sayar wa mai yanka filaye, ƙannensa mata ba a ko shawarce su ba. Ana tsaka da rikici sai suka tsaya cak, ɗaya ya juyo ya ce, “Jama'a, ku ne dattawan unguwa, yaya za a yi?” Wata baiwar Allah daga ɓangaren iyali ta miƙe ta zazzage wa babban wan nan tas, har ta manta wasa ne, tana cewa ita ma haka aka yi mata. Wani malami ya tashi ya warware rabon yadda shari'a ta tsara. 'Yan wasan suka ɗauki abin da aka faɗa suka ƙarasa da shi. Rauninsu ɗaya, in sun zo rufewa sukan jera nasiha kamar masu karanta sanarwa, bayan taro ya riga ya gane.

Ɗan kama yana fitowa wani watan, da ƙaton rawani da tasbaha har gwiwa, yana jan baƙi da muryar masu wa'azi alhali zancen duk na tuwo da miya da man shanu ne. Yara suna son shi, ni ma haka. Masu amada da ƙwaryarsu an ba su lokaci kaɗan ƙwarai, ana saka su daidai sanda mutane ke tashi alwala. Wannan rashin adalci ne, a canza.

Sai nama. Mai tsiren wurin ya san aikinsa, kuma a tukuba yake yi, tsinke a kafe kewaye da garwashi, ba a kan ragar ƙarfe ba. Yankansa siriri ne, yana sa kitse tsakanin tsoka yadda ya kamata, ƙuli-ƙulinsa sabo ne ba mai warin daɗewa ba, yajin akwai citta da masoro. Balangun ne ban yarda da shi ba. Na tumaki ne, amma ana gasa shi tun rana a ajiye, in ka saya a ɗumama, sai ya zo a bushe, a yi ta zuba masa man gyaɗa don a rufa asiri. Ɗan mahauci ba a yi masa wannan. Ka sayi tsire, ko hanta da ƙoda in ka zo da wuri, don kafin Isha'i sun ƙare. Wainar shinkafa da miyar taushe tana da kyau, zoɓon sukari ya yi masa yawa, kunun ayar kuwa in dare ya yi nisa ka ɗanɗana kafin ka biya. Farashin ya ɗara na bakin titi da kusan rabi, wanda ban ga laifinsa ba tunda a zaune kake ana yi maka kiɗa.

Bayan gida biyu ne kacal, na mata babu fitila a zuwana na ƙarshe. Da damina ka tafi da abin shimfiɗa mai kauri, ƙasa tana riƙe laima, sauro kuma ba ya jin kiɗa. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana don faifai, mai POS ɗin ƙofa yakan ce ba shi da canji. In ba ka da abin hawa, ka yi magana da mai Keke Napep tun da rana ya dawo ya ɗauke ka, domin bayan ƙarfe 10 wanda zai kai ka Tudun Wada ko cikin birni sai ya ninka kuɗi, in ma ka same shi.