Tiren Rainon Iri a Lokacin Jiran Ruwan Shuka

Duk wanda yake da ɗan fili a bayan gida, amma ba shi da rijiyar da za ta ɗauki ban-ruwan rani, ya san yadda watannin Maris da Afrilu suke yi wa mutum tsawo. Ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, zafin rana yana kusantar digiri 40, tumatirin rani na Kadawa da Kura ya fara ja da baya a kasuwa, farashi yana hawa, kai kuwa fartanyarka tana jingine a lungu kana ta duban gabas. A nan Zariya ruwan da za a dogara da shi ba ya zama sai wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ko da yake akan yi ruwa ɗaya mai ƙarfi a Afrilu wanda yake ruɗin mai gaggawa. Wannan zaman jira ne ya kai ni ga sayen tiren rainon iri, kuma da yake yanzu na yi damina biyu ina aiki da shi, ina ganin na isa in faɗi abin da yake iyawa da inda ya gaza.

Tiren baƙar roba ce marar nauyi, tsawonsa ya ɗan haura rabin mita, an rarraba shi gurbi-gurbi, kowane gurbi da huda a ƙasansa domin ruwa ya tsiyaye. Wanda na saya mai gurbi 128 ne, jeri takwas, kowane jeri gurbi goma sha shida. Akwai kuma mai 72 da mai 200. Guda biyar na ɗauko a wani shagon iri da magungunan gona a Sabon Gari, kuma kuɗin kowane ɗaya bai kai kuɗin mudun shinkafa ba a lokacin. A da sai manyan gonaki ake ganin irinsa, amma tun da masu koyar da noman kayan lambu suka fara yawo da shi a ƙauyukan Kano da Kaduna, ciki har da shirin HortiNigeria da gwamnatin Holan ta fara ɗaukar nauyinsa a 2021, ya zama kayan da ake samu a shagunan iri na gari. Tare da tiren na sayi curin garin ɓawon kwakwa, wanda galibi daga Indiya da Sirilanka ake shigo da shi a matse kamar bulo, shi ne ake zubawa a guraben a maimakon ƙasa.

A kan wannan gari na fara yin kuskure, kuma mai shagon bai ja kunnena ba. Na jiƙa curin a baho, ya kumbura ya ninka girmansa sau da yawa har yara suka taru suna kallo, na kwashe na cika tire nan take. Ashe wani garin yana zuwa da gishiri a jikinsa, sai an jiƙa an tsiyaye ruwan sau biyu ko uku kafin a shuka, kuma ko an wanke shi babu isasshen abincin tsiro a cikinsa. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya tsufa a lambun bakin Galma ne ya leƙo ya ga ganyen ya yi rawaya tun yana ƙarami. Na ce, Baba, ko irin ne ba shi da kyau? Ya murza garin a tafin hannunsa, ya ce mini yunwa ce kawai take damun su. Shi ya koya mini in haɗa garin da ruɓaɓɓen takin shanu da aka tankaɗe, sannan bayan ganyen gaskiya ya fito, wato wanda yake biyo bayan 'yan ganyaye biyu na farko, in riƙa narka ɗan takin zamani kaɗan a ruwa ina ba su sau ɗaya a mako.

Shukar kanta aikin natsuwa ce. Ana danna tsakiyar kowane gurbi da ɗan yatsa, zurfin bai wuce santimita ɗaya ba, a sa ƙwaya ɗaya tak, a rufe. Ƙwayar tumatir ƙarama ce, tana da ɗan gashi-gashi, tana maƙalewa a yatsa, don haka na koma ɗaukarta da tsinken sakace da na jiƙa bakinsa, abin da ya sa na ɗauki kusan rabin sa'a a kan tire guda. Na lulluɓe da buhu mai danshi, a kwana na biyar kuwa na ɗaga na tarar da 'yan tsirrai sun lanƙwaso wuya suna tura garin sama. A tiren tumatir na farko gurbi tara ne kawai suka ƙi fitowa.

A nan ne amfanin tiren ya fi bayyana. Yadda muka gada, a komi ake yayyafa iri, ya fito cunkus, ranar dashe a jiƙa ƙasa a tuge, rabin saiwar ya tsinke ya zauna a komin. Irin wannan dashe yakan yi kwana uku ko huɗu a kwance yana yaushi kafin ya farfaɗo, wasu kuma ba sa tashi sam. Na tire kuwa, idan ka tura yatsa ta hudar ƙasa, sai tsiron ya fito da curinsa gaba ɗaya, fararen saiwoyi sun nannaɗe garin kamar zare a kan ƙwarya, ka sa shi a rami da yamma, da safe ka same shi a miƙe kamar can aka haife shi. Ga wanda yake matse tumatir ya shanya 'ya'yan ya sami iri kyauta, wannan bambanci ba zai dame shi ba, domin in ɗari sun mutu yana da wasu ɗari. Amma wanda ya sayi irin zamani mai alamar F1, wanda giram ɗaya bai wuce ƙwaya 300 ba ko kusa da haka, kuma ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa baɗi, kowace ƙwaya kuɗi ce, kuma tiren yana mayar da kuɗinsa tun a shukar farko.

Babban aibinsa shi ne ruwa. Garin da gurbi ɗaya yake ɗauka bai fi cokali biyu ba, robar kuma baƙa ce mai jan zafi, saboda haka a bazara abin da ka shayar da asuba ya bushe kafin azahar. Komi yana iya yafe maka mantuwar yini guda, tire ba ya yafewa. Na tafi ɗaurin aure Funtuwa na kwana ɗaya, na bar wa yara amana, na dawo na tarar da tiren attaruhu guda ya ƙone ƙurmus, alhali sun rantse sun zuba ruwa da safe, kuma na yarda sun zuba. Idan kuma aka cika ruwa da daddare, sai gindin tsiron ya ruɓe ya faɗi. Dole a yi masa rumfar zana da za ta bar ranar safe ta shiga ta tare ta tsaka, a ɗora shi a kan benci ko katako, domin in ya zauna a ƙasa saiwar takan bi ta hudar ta kama ƙasa, kaji kuma ba sa barin sa. Ni da tsohon gidan sauro na lulluɓe nawa, saboda farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye, da kuma tsutsar nan da manoma suke kira Sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, kuma lokacin zafi ne ta fi yin ɓarna.

Abin da na fi daɗewa ban gane ba shi ne lissafin kwanaki. A shekarar farko, ruwan Afrilu yana sauka na cika tire huɗu, ina ganin na riga kowa. Tumatir a tire yana isa dashe a cikin mako uku zuwa huɗu, to sai ga shi ya isa, sama kuwa ta ɗauke ƙaf. Na riƙe su har mako bakwai, suka yi tsawo suka sirance, saiwa ta cika gurbin ta rasa inda za ta, waɗanda na dasa daga baya ma ba su yi wani abin kirki ba. A shekara ta biyu sai na yi lissafin daga baya zuwa gaba: na saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara, na ɗauki makon farko na Yuni a matsayin ranar dashe, na shuka attaruhu da tattasai a ƙarshen Afrilu domin su suna bukatar mako biyar zuwa shida, tumatir kuma sai a mako na biyu na Mayu. Kwana biyar kafin dashe na rage musu ruwa na janye rumfar a hankali domin su saba da rana. Wannan karon ruwa yana zama shukata tana shiga ƙasa, a ranar da maƙwabta suke fara gyaran komin reno.

Mai shagon ya ce mini tiren yana yi wa kowace irin shuka, wannan kuwa maganar ciniki ce. Yana yi wa tumatir da dangin barkono da gauta da yalo da kabeji. Kuɓewa da rama da yakuwa da alayyafo ba su da bukatarsa, domin a gurbinsu ake shuka su kuma suna fita da sauri da zarar ƙasa ta jiƙa. Karas ma dashe ɓata shi yake yi, albasa kuwa yawan da ake bukata ya fi ƙarfin gurbi 128. Tiren kuma ba ya sauya halin iri. Tumatirin UC82B da Roma da aka saba da su a fadama irin rani ne, a damina cutar yaushi da ta ganye sukan kwantar da su komai kyawun renon da suka samu, don haka wajibi ne mutum ya nemi irin da aka rubuta cewa yana jure ruwa, ya kuma duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin leda kafin ya biya.

Ta fuskar ƙarko, biyar ɗin da na saya ba ɗaya suke ba duk da kuɗinsu ɗaya ne. Biyu sirara ne, suna ƙara kamar ledar biskit idan an lanƙwasa su, kuma sun tsage tun a daminar farko lokacin da na ɗaga su cike da jiƙaƙƙen gari. Sauran ukun masu kauri suna nan lafiya, na wanke su da ruwan bilic na ajiye a ɗaki inda rana ba ta kai musu. Mai saye ya riƙe tire ta gefe ɗaya ya ɗaga; in ya lanƙwashe ya rataya, ya ajiye ya nemi wani. Bana na ƙaro biyu masu gurbi 72 domin attaruhu, saboda babban gurbi ya fi riƙe danshi, kuma in ruwan Yuni ya yi jinkirin mako guda tsiron yana da sauran wurin miƙe saiwa.